Shahon da Habibou Ya Yanke wa Fiffike

Ranar Juma'a ce, a lokacin sanyin Dubai, wanda ba wani sanyi ba ne, rana ce kawai take rage mugunta. Ni da Malam Rabiou mun dawo daga masallaci a ƙafa, muna bin gefen garejojin Ras Al Khor. Duk an ja ƙofofi an rufe, ba kowa sai kyanwoyi kwance a ƙarƙashin motoci.

Sunana Arzika. Ina gadin yadin Alhaji Mu'awiya, wani Bakano da ke sayen tsofaffin injina da ƙofofin mota yana lodawa a kwantena zuwa gida. A yadin nake kwana, cikin wani ɗan ɗakin kwano a bayan rumfar injina. Malam Rabiou shi ke cika wa Alhaji takardun kago, wato na jigilar kaya. Mutumin Damagaram ne, ya manyanta, ya yi lakwal mai zurfi a Yamai har ya koyar, kafin rayuwa ta kawo shi nan. Ya ce a makarantarsu akwai wani tsohon Bature da ya koya musu Latin, harshen da masu shi suka mutu suka bar shi a littattafai. Ba ya yawan fito da shi, sai in hankalinsa ya tashi. Wani in ya tsorata salati yake yi ya yi shiru. Shi Malam sai ya yi salatin, sannan ya shiga koyarwa.

Na ukunmu shi ne Habibou, ɗan ƙanen babana daga Tasawa. Ƙato ne, ya fi ni tsawo, ga fara'a. Da bizar ziyara ya zo, ta ƙare bai samu aiki ba. Tun ranar da ya hango motar 'yan sanda a bakin titi ya daina leƙa ko ƙofar yadi, Juma'a ma a ciki yake sallarsa. In aka kama shi, tsarewa ce sannan jirgi, kuma ba zai sake shigowa ƙasar ba. Alhaji ya yarda ya zauna tare da ni bisa sharaɗin kada idon kowa ya gan shi. Innarsa Safiatou kuwa, duk lokacin da ta kira, abu ɗaya take ce mini: amana ce ta ba ni.

Muna tura ƙofar yadi sai ga Habibou tsaye ba riga, yana ta murmushi, hannayensa duk jini.

"Yaya, zo ka ga baƙon da Allah ya kawo mana."

Ya ja mu bayan rumfa. A cikin wata rabin mota da aka yanke, a kan kujerar baya, shaho ne zaune. Ban taɓa ganin irinsa kusa haka ba. Bayansa ruwan toka, ƙirjinsa fari da ɗige-ɗige, idanunsa baƙaƙe ƙirin, ba ya ƙiftawa. Habibou ya ce tantabarun da ke kwana a rufin rumfa ya biyo, ya sauko kamar an harbo shi, ya bugi wayar shinge ya faɗo a sume. Shi kuma ya cire riga ya rufe shi. Da ya farfaɗo ne ya yayyaga masa hannu da farata. Ya ba shi ruwa a murfin gwangwani, ya yanka masa ragowar kazar da za mu yi miya da ita.

A Tasawa Habibou mai kiwon tantabaru ne, duk unguwa an san shi. Kuma duk mai kiwon tsuntsu a wajenmu ya san abin da ake yi wa baƙon tsuntsu in ya shigo gida. Ana rage masa gashin fiffike ɗaya, ya zauna ya saba da wuri, kafin gashin ya fito ya riga ya zama na gida. Ba mugunta ba ce, haka muka taso muka ga ana yi. To, abin da Habibou ya yi ke nan. Ya ɗauki almakashin yankan kwano ya datse dogayen gashin fiffiken dama.

Ya nuna mana igiyoyin fata da ke ƙafafun tsuntsun, da wani ɗan abu baƙi kamar ƙwallon dabino manne a gindin wutsiya, siririyar waya tana fitowa daga jikinsa. Ya ce har laya gare shi.

Malam Rabiou ya durƙusa ya duba. Na ga ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya yi salati a hankali.

"Ba laya ba ce, ɗana. Wannan abin yana gaya wa mai tsuntsun inda yake. Yanzu haka da muke tsaye yana gaya masa."

Ya ce mana irin wannan shaho na Larabawa ne, na farauta. Yana da likitansa, yana da fasfo nasa, a jirgin sama ma a cikin mutane yake zama. A wurin mai shi ya fi duk injinan da ke yadin nan daraja, wani ma ɗansa ne kawai zai fi shi. Habibou ya yi wata 'yar dariya ya ce ikon Allah, tsuntsu da fasfo, shi ɗan Adam ba biza. Babu wanda ya taya shi. Sai ya dubi almakashin da ke ƙasa, ya dube ni.

Na ce a cire abin a jefa a bayan wata kamiyo, babbar motar kaya mai tafiya nesa. Malam ya ce ai abin ya riga ya faɗi inda ya tsaya tun ɗazu, ga kyamarori a kowace kusurwar unguwa, in muka yi haka mun zama ɓarayi ke nan da hannunmu. Habibou ya ce a sake shi ya tafi. Ya manta shi ne ya hana shi tafiya. In aka ajiye shi a waje kyanwoyi za su gama da shi kafin la'asar.

Malam ya tsinci gashi ɗaya daga ƙasa. Sai koyarwar ta tashi. Ya ce wannan a Latin penna ake ce masa, fiffiken kuwa ala, tsuntsu avis. Ya ce dogayen nan da aka yanke masana suna kiransu remiges, wato masu tuƙa kwalekwale, don da su tsuntsu yake tuƙa iska. Sunan shahon kansa Falco peregrinus, shaho matafiyi, kuma wai duk cikin halittun Allah babu mai saurinsa in ya kifo kai daga sama. Celer, in ji shi, velox, duk sauri suke nufi. Yana faɗa yana juya gashin, idonsa kuwa yana kan ƙofar yadi.

Na ce, "Malam, don Allah, yanzu me za mu yi?"

Ya ce shi ma bai sani ba, shi ya sa yake surutu.

Na kira Alhaji Mu'awiya, wayarsa a kashe, ya tafi Sharjah ganin kaya. To sai na yanke abin da zan iya. Takarduna ni lafiya lau suke, da sunan yadin. Na ce wa Habibou ya shiga kwantenar da ba a gama lodi ba, ya lafe a bayan ƙofofin mota, kada ya fito ko me zai ji. In mai tsuntsu ya zo zan ce ni ne. Habibou ya fara gardama, na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Ya shiga. Na ja ƙofar na bar 'yar kafa don iska.

Muka zauna a kan tayoyi muna jira. Kowace mota ta wuce sai mu waiga ƙofa. Shahon yana can yana kallonmu ta tagar da ba gilashi, lokaci-lokaci ya buɗe fukafukai, ɗaya dogo, ɗaya guntu kamar tsintsiyar da ta ƙare. Ban so in kalla ba amma idona can yake komawa.

Ba a daɗe ba wata babbar farar mota ta tsaya a ƙofa. Balarabe ne shi kaɗai, magidanci mai furfura a gemu, da farar kandura, doguwar rigarsu, waya a hannu yana bin abin da take nuna masa. Ya yi sallama da fara'a, ya tambaya ko mun ga tsuntsu. Malam ya amsa da Turanci haɗe da ɗan Larabcin da yake ji, muka kai shi bayan rumfa. Yana ganin shahon ya ce alhamdulillah, ya sa wata safar hannu mai kauri, ya kira shi da wani sauti, tsuntsun ya hau hannunsa kamar ɗa ya ga uba. Ya rufa masa 'yar hular fata a ka. Har ya juyo zai yi mana godiya, sai shahon ya miƙa fiffike.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Bai yi ihu ba. Da ya yi ihu da na fi samun sauƙi. Ya kama fiffiken da yatsu biyu ya buɗe a hankali, ya daɗe yana kallo. Sannan ya tambaya, da murya ƙasa-ƙasa, wa ya yi wannan.

Na ce, "Ni ne, arbab." Haka muke kiran maigida a nan.

Ya dube ni. Ya ce in nuna hannayena. Na nuna, gaba da baya, ba ko ƙwarzane. Ya nuna mini jinin da ke kan kujerar motar, da wanda ya bushe a igiyoyin fatar, da rigar Habibou da ke yashe a ƙasa. Ya yi magana, Malam ya fassara mini: wai wanda ya riƙe tsuntsun nan yana zubar da jini, kuma ba ni ba ne. A kawo shi, ko shi ya kira waɗanda za su nemo shi. Ya ɗaga wayarsa.

Sai na ji ƙofar kwantena tana kuka a bayanmu. Habibou ya fito, gumi yana tsiyaya daga jikinsa, ya zo ya tsaya a gaban mutumin, ya sunkuyar da kai, ya miƙa hannayen nasa.

Balaraben ya tambaye shi dalili. Malam ya raɗa wa Habibou cewa ya ce tsoro ya ji kada tsuntsun ya gudu kafin mai shi ya zo. Habibou ya girgiza kai. Ya ce a gaya masa gaskiya: bai san yana da mai shi ba, so ya yi ya riƙe shi, kuma a garinmu haka ake yi wa baƙon tsuntsu don ya saba da gida. Ya ƙara da cewa ya ba shi ruwa, ya ba shi kaza, kuma bai taɓa ganin halitta mai kyau irinsa ba. Malam ya fassara, ban sani ba ko duka ya faɗa.

Mutumin ya ce, "Kamar tantabara."

Habibou ya ce e, kamar tantabara.

Sai Balaraben ya ce ina gashin. Yana son duka, kada a bar ko ɗaya. Ya bayyana wa Malam cewa akwai masu gyara, suna sa siririn tsinke a cikin ramin gashin su haɗa da manne, in Allah ya so tsuntsu ya tashi. Amma sai an samu gashin, kuma sai in almakashin bai farfasa tushen ba.

Iska ta riga ta watsa su. Muka durƙusa mu uku, har da Malam da farar rigarsa ta Juma'a, muna rarrafe cikin baƙin mai da ƙusoshi da fasassun gilasai. Muna samu muna kai masa, shi kuma yana jerawa a kan murfin motarsa yana gwadawa da fiffiken. Ya ce saura mafi tsawo. Muka ɗaga ƙofofi, muka mirgina tayoyi, muka leƙa cikin kowane bokiti. Ina rarrafe ina jin idonsa a bayana, ina jin ya kira wani a waya yana magana da Larabci da sauri. Na ce a raina shi ke nan, suna hanya. Na fara tunanin abin da zan gaya wa Inna Safiatou, na rasa ta inda zan fara.

Habibou ne ya gano shi a ƙarƙashin wani injin, rabinsa cikin mai. Ya kwanta rub da ciki ya zaro shi da yatsunsa masu ciwo. Balaraben ya karɓa, ya goge da gefen rawaninsa fari, bai damu da baƙin da ya bari ba. Ya naɗe su duka a takarda.

Sannan ya kama hannun Habibou ya duba. Ya ce faratan shaho suna da datti, ciwon zai kumbura, ya shiga mota ya ajiye shi asibiti a hanya. Yalla, in ji shi, wato mu tafi, ya buɗe ƙofar baya.

Habibou ya ja da baya har ya bugi kwantena. Asibiti katin shaida za su fara tambaya. Mutumin ya ga yadda muka yi, ya dubi Habibou, ya dube ni, ya ce ina katinsa. Ni dai na ji kaina ina cewa, da guntun Larabcina na yadi, "Mafi, arbab. Ƙanena ne. Mafi biza." Mafi a Larabcinsu babu ke nan. Ban san lokacin da na durƙusa ba.

Ya ce in tashi, ba ya son haka. Ya koma motarsa ya ɗauko wata 'yar jaka, irin wadda yake yi wa tsuntsayensa magani da ita, ya tsiyaya wani jan ruwa a hannun Habibou. Habibou ya cije leɓe bai yi motsi ba. Ya naɗe masa da bandeji da ɗan ƙarfi. Daga nan ya ce in kawo nawa katin. Ya ɗauki hotonsa gaba da baya, ya ɗauki hoton allon da ke ƙofar yadi, ya karɓi lambar Malam.

"In ya tashi, halas, magana ta ƙare. In bai tashi ba zan dawo, kuma ba ni kaɗai ba."

Ya ɗora shahon a kujerar gaba ya tafi.

Da Alhaji Mu'awiya ya dawo ya ji, faɗan da ya yi ba zan iya maimaitawa ba. Da ya huce ya ce Habibou ya tattara ya tafi unguwar Abu Hail wurin wasu 'yan Maraɗi ya ɓuya, ko ya wuce garin Ajman, kafin mutumin ya waiwayo. Ni ma na ce ya tafi. Habibou ya ce katin wa aka ɗauki hoto? In ya gudu, wa za a tarar a yadi? Ya ce shi ya yanke, shi zai jira. Na lallashe shi, na zage shi, na haɗa shi da Allah, ya ƙi. Alhaji ya ce taurin kai irin na mutanen Nijar sai su, ya shiga motarsa.

Kwanakin da suka biyo baya ba mu ci abinci da daɗi ba. Duk farar mota ta rage gudu a titi sai mu tsaya cak da abin da ke hannunmu. Hannun Habibou ya kumbura, sannan ya fara sacewa. Ya daina dariya. Da rana in aiki ya lafa sai ya je ya zauna kusa da teburin Malam ya ce a ƙara masa kalmomin nan, don in ya yi shiru zuciyarsa tana kai shi wurin da ba ya so. Malam, wanda shi ma ba barcin kirki yake yi ba, ya samu ɗalibi. Columba tantabara, aquila gaggafa, milvus shirwa, hirundo tsattsewa, vultur ungulu. Habibou ya ce wannan na ƙarshen sunan ya dace da Alhaji in an sauke sabbin injina. Malam ya ce ya kama bakinsa, ɗan banza, a gidan mutum yake. Volare kuwa, tashi sama, ita Habibou ya ƙi maimaitawa. Ya ce a bar ta tukuna.

Na riƙa tunanin tsuntsun fiye da yadda na zata. Ko yana wani ɗaki mai sanyi da hula a kansa, ko an gwada shi ya faɗo. In Inna Safiatou ta kira sai in ce muna lafiya, in miƙa wa Habibou, shi ma ya ce muna lafiya.

Wata ranar Laraba da hantsi muna ɗaura sarƙa a wani injin, sai Malam ya fito daga ofis da waya a hannu, yana tafiya kamar mai ɗauke da ruwa a faranti. Ya ce saƙo ne daga lambar mutumin, bidiyo ne, bai buɗe ba, ba zai iya shi kaɗai ba. Muka goge hannu muka taru a inuwar kwantena. Habibou ya ce, "Yaya, kai ka danna." Na danna.

Rairayi ne ja, ba gini ko ɗaya. Ga hannu da safar nan mai kauri, ga shahon a kai. Wani hannun ya kama fiffiken dama ya buɗe shi a gaban kyamara, dogo, cikakke, gashi ɗaya ya fi sauran duhu. Aka cire hular. Tsuntsun ya waiga hagu da dama, ya girgiza jiki, ya daɗe har na ce ba zai yi ba. Sai ya tafi. Ya bi ƙasa-ƙasa da farko, ya ɗan karkata, sannan ya miƙe ya hau, ya hau, har mai ɗaukar hoton ya rasa shi ya riƙa laluben sama. Bidiyon ya ƙare a nan. Babu rubutu, babu murya.

Malam ya zauna a ƙasa da rigarsa. Na tambaye shi ko wannan yana nufin ba zai dawo ba. Ya ce shi a ganinsa haka ne, mutumin ai ya faɗi sharaɗinsa da bakinsa.

Habibou ya karɓi wayar ya koma bayan rumfa da ita. Na bar shi. Can na leƙa na gan shi tsugune, kafaɗunsa suna motsi, yana sake kunnawa. Da ya dawo idonsa ja, ya miƙa wa Malam wayar, ya ce mini yana jin yunwa, ko akwai sauran shinkafar jiya. Na ce akwai. Ya ce to ya ci, sannan in raka shi wurin Alhaji, ya roƙe shi a san yadda za a yi da maganar takardunsa, don shi ba zai sake shiga kwantena ba.